Kwana 11 kwalbar Yaya tana kumfa: wa ya san zancen bawul ɗin huhu?

Sanusi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiyarmu. Yayana da nake bi, wanda ya daɗe yana aikin injin niƙan dutse a wajen Bagega, yau kwanansa 11 a kwance a wani asibiti a Gusau. Ranar da abin ya faru yana alwalar la'asar ya yi tari, sai ya ji kamar an caka masa wuƙa a ƙirji ta dama, numfashi ya gagara. Da aka yi hoto aka ce huhun dama ne ya hude ya motse, iska ta taru tsakaninsa da haƙarƙari. Suka huda gefen ƙirjin suka sa masa roba, ɗaya bakinta yana cikin wata kwalba mai ruwa a ƙarƙashin gado. Da farko an ce mana kwana uku ko huɗu a cire. To har yau duk numfashin da ya fitar sai ruwan kwalbar ya yi kumfa, in ya yi tari kuwa kamar tukunya ta tafasa. Jiya Kabiru ya ce mini akwai wani bawul da ake sa wa mutum a cikin huhu ya tsayar da yoyon ba tare da an yanka shi ba. Gaskiya ne? A ina ake yi?

Hajiya Maman Ikilima: Wa'alaikumus salam. Subhanallahi. Allah shi ba shi lahiya, shi sa kaffara ne. Sannu Sanusi, sannu da jinya.

Malam Isiya: Allah ya yaye. Ashe shi ya sa ban gan shi a ɗaurin auren nan na Juma'a ba.

Kabiru Alƙahira: Gaskiya ne Yaya Sanusi, ba ji-ta-ji-ta ba ce. Abokin ɗakina ɗalibin likitanci ne, shi ya nuna mini bidiyon. Ta baki ake zura shi, ko ɗigon jini ba ka gani. Ni shawarata a fara neman biza kawai.

Alhaji Sani: Ai ni tun farko da an tambaye ni da ban bari ya kwana biyu a nan ba. Mutum da roba a ƙirji har kwana 11 ana kallonsa? Sanusi, kuna da gonar fadama. Rai ya fi gona. A sayar a fitar da shi, ni zan sa nawa a kai.

Nas Rabi: Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma a dakata tukuna. Sanusi ƙanena, amsa mini waɗannan. Kumfar tana tsayawa in ya yi shiru bai yi magana ba, ko kuwa ba ta yankewa ko kaɗan? Akwai zazzaɓi? Abin da ke fitowa ta robar ruwa ne garai-garai ko ya yi kauri kamar mugunya? Sannan ka taɓa fatar ƙirjinsa da wuyansa, in ka ji tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsa kamar kana murza leda, ka gaya wa nas ɗin da ke aiki yanzu.

Sanusi: Anti Rabi, in yana jan numfashi ciki kumfar tana tsayawa, sai zai fitar take dawowa. Ruwan ba shi da kauri, ɗan rawaya-rawaya ne kaɗan. Zazzaɓi yakan zo masa da dare, da gumi. Fatar lafiya lau.

Nas Rabi: To alhamdu lillahi, wadda ba ta yankewa ita ce ta fi muni. Abu biyu zan roƙe ka, kai da duk wanda yake kwana wurinsa. Kada kowa ya lanƙwasa robar nan ko ya ɗaure ta wai don kumfar ta tsaya. Kumfar da kuke gani iska ce take samun hanyar fita. In aka toshe ta, sai ta taru a ƙirji ta danne zuciya da ɗaya huhun, cikin mintuna mutum zai iya tafiya. Na biyu, kwalbar kullum ta zauna a ƙasa da ƙirjinsa, a tsaye, bakin robar yana nutse cikin ruwan kamar santimita 2. Na taɓa shiga ɗaki na tarar mai jinya ya ɗora kwalba a kan gado don a share ƙasa. Da ruwan ya koma ƙirjin fa?

Ɗanjuma Mai Faci: Ku yi mani haƙuri, ni ba boko ba, amma wanga zance na gane shi. Ai aikina ne. In anka kawo mani tib ya sace, hura shi nikai in tsoma cikin ruwa, inda kumfa ta hito nan huda take. To mi za a yi da bawul ga wurin huda? Faci aka yi ma huda. Bawul daban, faci daban.

Malam Isiya: 😂 Ɗanjuma ya zama kwansaltan.

Likita Umar: Assalamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki na ga saƙonnin. Malam, kada ka yi wa Ɗanjuma dariya, tambayarsa ita ce gindin maganar. Sanusi, Allah ya ba Yaya lafiya. Ban gan shi ba, ban ga hotonsa ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne, hukunci yana hannun likitocin da ke kansa. Amma na tsaya an sa bawul ɗin nan a gabana a inda nake karatun ƙwarewa, zan gaya muku yadda yake.

Likita Umar: Huhu yana cikin wata 'yar riga mai ninki biyu, ɗaya manne da huhun, ɗaya manne da haƙarƙari. Tsakaninsu babu iska, shi ya sa in ƙirji ya buɗe huhu yake bin sa. In huhun ya hude, iska ta shiga tsakanin, sai ya motse. Robar da aka sa wa Yaya ba faci ba ce, aikinta ta fitar da iskar don huhun ya miƙe ya manne da bango, hudar ta warke da kanta. Yawancin mutane cikin 'yan kwanaki take rufewa. In ta wuce kwana 5 zuwa 7 tana kumfa, sai mu ce yoyon ya zama mai naci, a nan ake fara tunanin wata dabara.

Likita Umar: To ga amsar Ɗanjuma. Tib ɗinka ba ya rai, dole ka manna masa faci. Huhu nama ne mai rai, shi ke yi wa kansa faci, abin da ke hana shi iskar da ke bi ta hudar ce sau ashirin a minti ɗaya. Kamar gyambo ne da ake fama shi kullum. Maƙogwaro yana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rassa kamar bishiya. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu, kowane kashi kuma da ƙananan yankuna, kowane yanki da reshen da ke kai masa iska. Sai a nemo reshen da ke ciyar da hudar a sa masa bawul. In mutum ya ja numfashi bawul ɗin ya rufe, iska ba ta shiga wannan yankin. In ya fitar ya buɗe, iskar da ta rage da majina su fito. Hudar ta samu hutu ta haɗe.

Ɗanjuma Mai Faci: Ahaf. Ke nan bawul ɗin taya ne anka juya ma baya. Namu shina barin iska ta shiga ta ƙi hita, naku shina barin ta hita ta ƙi shiga.

Likita Umar: Wallahi ko a aji ba a faɗe shi da kyau haka ba. Har neman hudar ma irin naka ne. Ana ba mutum maganin barci, a zura wani siririn tiyo mai kyamara ta baki. A bakinsa akwai 'yar balan-balan. A hura ta a toshe wannan reshe, wani yana tsugune yana kallon kwalbar. In kumfa ba ta canza ba a sace balan-balan a koma reshe na gaba. Reshen da aka toshe kumfa ta tsaya ko ta ragu sosai, shi ne mai laifin. A auna faɗinsa a zaɓi bawul daidai shi, don 'yan milimita ne, daga 4 zuwa 9 haka. Sau da yawa ba ɗaya ake sawa ba, biyu ne ko uku ko fiye.

Malam Isiya: Likita, ni inda hankalina bai kwanta ba: mutum yana fama da numfashi, kai kuma ka je ka toshe masa wani ɓangaren huhu. Ba ƙara masa wahala aka yi ba? Kuma ƙarfe ya zauna a jikin mutum har abada?

Likita Umar: Malam, tambaya ce mai kyau. Yankin da ke yoyo dama can ba amfaninsa ake ci ba, iskar da ta shiga cikinsa kwalba take tafiya. Amma maganarka tana nan ga wanda huhunsa duka biyu suka lalace: in aka toshe masa babban kashi, iskar jininsa za ta iya faɗuwa. Shi ya sa lokacin gwajin balan-balan ana kallon na'urar da ke maƙale a yatsa mai auna iskar jini. In iskar jinin ta faɗi ƙasa sosai ba za a sa ba. Zancen har abada kuwa a'a. In don yoyo aka sa, yawanci bayan kamar mako shida ake komawa da tiyon a ciro shi.

Iri biyu ne suka fi suna. Spiration na kamfanin Olympus, siffar lema gare shi, da 'yan ƙugiyoyi da ke riƙe bangon reshen. Zephyr na kamfanin Pulmonx, shi kuma bakinsa kamar na agwagwa. Firam ɗinsu na wani ƙarfe ne gaurayen nikel da titaniyom, saboda haka wanda jikinsa ba ya shiri da nikel ba a sa masa. Asali ma don masu huhun da taba ta buɗe ya yi lakwaf aka ƙirƙiro su. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba Spiration izini na musamman a 2008 don yoyon da ke biyo bayan tiyatar huhu, sannan a 2018 ta amince da su biyun don wancan ciwon na masu shan taba. Sa shi ga wanda huhunsa ya hude da kansa irin na Yaya, likitoci suna yi, amma bisa duba halin kowane majinyaci.

Kabiru Alƙahira: To kun ji dai. Ba ƙarya na yi ba.

Alhaji Sani: Shi ke nan magana ta ƙare. Likita da kansa ya ce yana aiki. Nawa ne kuɗin?

Likita Umar: Alhaji ranka ya daɗe, ban gama ba. Kabiru bai yi ƙarya ba, amma bidiyo ba ya nuna waɗanda abin bai yi wa aiki ba. Akwai mutanen da yankunan huhunsu suke da ƙananan ƙofofi a tsakaninsu, ka toshe ƙofar gaba iska ta zagayo ta gidan maƙwabci ta ci gaba da fita ta hudar. Irin waɗannan ko an gwada balan-balan kumfa ba ta tsayawa, sai a fito ba a sa komai ba, kuɗin aiki kuwa an riga an biya. Bawul ɗin yakan goce daga wurinsa, wani ma ya yi tari ya tofo shi. Majina takan taru a bayansa ta zama ciwon huhu. Kuɗi kuwa da dala ake lissafin kowane ɗaya, dubbai, ka ninka da biyu ko uku, ka ƙara asibiti da masauki da komawa a cire.

Abin da ya fi wannan duka: Yaya ba zai hau jirgin fasinja a halin da yake ciki ba. In jirgi ya yi sama, iskar da ke kulle a jikin mutum kumbura take yi. Wanda huhunsa ke yoyo ba a ɗaukarsa sai a jirgin jinya na musamman da ma'aikata, wannan kuwa gonar fadama uku ba za ta biya ba.

Alhaji Sani: Likita, da girmanka, ku kullum haka kuke. Ku kuna can waje kuna aiki da kayan zamani, mu in mun ce za mu zo sai ku ce mu zauna. In ɗanka ne ke kwance za ka bar shi?

Nas Rabi: Haba Alhaji.

Likita Umar: Ba komai Anti, tambayar halal ce. Alhaji, in ɗana ne, ga abin da zan yi gobe da safe. Zan tambayi likitansa me ya huda huhun tun farko. Mutum ɗan shekara arba'in da wani abu, ya yi shekaru yana shaƙar ƙurar dutse, ga zazzaɓin dare da gumi. Sanusi, ya rame kafin wannan abin? Tarin ya daɗe?

Sanusi: Tun kafin azumi yake tari Likita. Ya rame sosai, mun ɗauka wahalar aiki ce. Kuma yana ɗan shan taba, ko da yake a ɓoye.

Likita Umar: To ka gani. Ƙurar dutsen da ake niƙawa a bushe tana shiga can ƙasan huhu ta bar tabo wanda ba ya gogewa, kuma mai wannan tabon tarin tibi ya fi saurin kama shi. Tibi kuma yana cin huhu ya yi kogo, kogon ya fashe. In shi ne, ko bawul na zinari aka sa ba a kashe ƙwayar cutar ba, an yi aikin banza. An karɓi kakinsa an gwada?

Sanusi: Bari in tambaya.

Hajiya Maman Ikilima: Kahin shi dawo bari in ba ku nawa. Marigayi maigidana, Allah shi jiƙan shi, haka anka sa mai wagga roba shekarun baya. Mun yi sati ukku. Abin da ya hi ci mani rai ba ciwon ba ne, babu wanda ya zauna ya yi muna bayani awa yadda Umaru ya yi yanzu. Kullum sai su zo su leƙa kwalba su rubuta su wuce. Ranar da sunka zuba mai wani magani ta cikin robar ya yi ihu har ɗakin mata ana ji, ni ko ban san mi anka yi ba, na ɗauka kashe shi za su yi. Ashe shi ne ya manne huhun. Ya tashi ya yi shekara tara bayan nan, ciwon suga ne ajalinshi.

Nas Rabi: Allah ya jiƙan Baba. Hajiya, wancan maganin ana zuba shi ne don ya ƙona rigar huhun kaɗan, ninkin biyu su manne da juna, iska ta rasa wurin zama. Akwai mai hoda, akwai wanda ake yi da maganin ƙwayoyin cuta. Yana da zafi ƙwarai, shi ya sa ya kamata a fara zuba maganin kashe zafi. Kuma ba ya yi sai huhun ya miƙe ya taɓa bango.

Likita Umar: Hajiya ta kawo mu kan hanya. Tsakanin zaman jira da bawul akwai matakai da ba sa buƙatar biza. Wani lokaci robar ce ta toshe ko ta goce, ko iska tana shiga ta mahaɗa, a gyara kumfa ta tsaya. Wani lokaci a haɗa kwalbar da injin zuƙa mai sauƙi don huhun ya miƙe. Akwai kuma facin jini, Ɗanjuma wannan naka ne: a ɗebi jinin majinyacin kansa daga hannu, kamar mililita 50 zuwa 100, a zuba ta cikin robar nan take. Ba a ɗaure robar, sai a rataya tsakiyarta a sandar ƙarin ruwa yadda iska za ta fita jinin kuwa ya zauna a ciki na 'yan awanni. Jinin ya daskare a kan hudar. Sirinji ne da hannu mai tsabta kawai. Sharaɗinsa kada a samu mugunya a ƙirjin, kuma a sa ido kada gudan jini ya toshe robar. In bai yi ba a karo na farko ana iya maimaitawa.

Sai tiyata, a shiga a ɗinke ko a yanke wurin da ya lalace. Ita ce asalin maganin yoyon da ya ƙi ji, ga wanda jikinsa zai ɗauka. Bawul ɗin ciki ya fi amfani ne ga wanda ya yi raunin da ba za a iya yi masa tiyata ba, ko wanda ke kan injin numfashi. Ƙa'ida ita ce in yoyo ya kai kwana 3 zuwa 5 a nemi ra'ayin likitan tiyatar ƙirji. Yaya ya wuce nan tuni. Ku roƙi likitansa cikin ladabi ya tuntuɓi na asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika a Zariya ko na Kano, ko da ta waya ce a tura musu hoton.

Basiru Direba: Ni dai in za a kai shi Sakkwato motata tana nan, kimanin kilomita 200 ne, mu fita da hantsi mu isa kafin la'asar. Amma da kwalbar ruwa a mota, ga ramukan hanya?

Nas Rabi: Nan ne wani bawul ɗin yake shigowa, wanda shi kam ana samunsa. Sunansa Heimlich, sunan likitan Amurka da ya ƙirƙiro shi a shekarun 1960, an yi amfani da shi sosai a kan sojojin da aka harba a ƙirji a yaƙin Biyetnam. Ɗan bututun roba ne tsawon tafin hannu, a cikinsa akwai wata roba shimfiɗaɗɗiya da ke buɗewa in iska za ta fita ta manne in za ta koma. A waje ake haɗa shi da bakin robar ƙirji a madadin kwalba. Mutum ya tashi ya yi yawo, wani ma a sallame shi da shi yana zuwa ana dubawa. Akwai kibiya a jikinsa, in aka juya shi baibai ya zama toshewa, don haka ma'aikaci ne kawai ke haɗa shi.

Inna Ta-Masallaci: A haɗa da zuma da habbatus sauda safe da yamma. Kuma a samu garwashi a yi masa hayaƙin tazargade, yana buɗe ƙirji.

Nas Rabi: Inna, zuma ya sha abinsa in ba shi da suga. Hayaƙi kam don Allah a'a. Tarin da zai tayar masa shi ke ƙara buɗe hudar, ga kuma tukunyar oksijin a ɗakin, garwashi bai kamata ya kusance ta ba.

Malam Isiya: Ni abin da ke damuna, yaran da ke kan injinan nan yanzu su nawa ne? A 2010 gubar dalma ta kashe mana yara wajen 400 a Anka da Bukkuyum, duniya ta taru, likitocin ƙasashen waje suka zo, aka kwashe ƙasar gidaje a Dareta da Abare da Bagega. Kowa ya ji tsoron dalma. Amma ita wannan ƙurar da ke cin huhun manya a hankali ba mai zancenta, don ba ta kashewa a mako ɗaya.

Mustafa Zinariya: Malam, a bar wannan zancen. Noma ya gagara saboda daji ba ya shiguwa, in an bar dutse me za a ci? Kowa da ajalinsa.

Malam Isiya: Ban ce a bari ba. A jiƙa dutsen kafin a niƙa, ƙurar tana raguwa sosai. Ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci ba ya tare ta.

Mustafa Zinariya: Ruwan da ake saya jarka-jarka?

Shugaban zaure: Jama'a, wannan muhawara ce mai amfani amma a buɗe mata nata zaren. Yanzu maganar majinyaci ake yi.

Sanusi: Na dawo. Wallahi kunya ta kama ni. Ashe tun kwana na biyu aka ba mu 'yar robar da zai tofa kaki a ciki. Tana nan cikin loka a bayan fulas. Yaya ya ce wa matarsa shi ba mai tibi ba ne, kada ta kuskura ta kai. Su ma ma'aikatan ba wanda ya sake tambaya.

Hajiya Maman Ikilima: Ikon Allah. Ka ce mai ni na ce, tibi ba abin kunya ba ne, ba zina ba ce ba sata ba. Shi tofa.

Likita Umar: Gobe da asuba kafin ya ci komai, ya kurkure baki da ruwa, ya yi tari daga can ciki, kaki ake so ba yawu ba. Na'urar GeneXpert da ake gwada kakin da ita cikin kamar awa biyu take ba da sakamako, har ta nuna ko ƙwayar tana jin babban maganin ko ba ta ji. Gwajin da maganin duka kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati.

Alhaji Sani: To Allah ya sa a dace. Amma ni maganata tana nan, in ta kai ga fita ku neme ni.

Sanusi: Assalamu alaikum, ku gafarce ni kwana huɗu shiru. Sakamako ya fito, tibi ne, amma an ce irin mai jin magani. An fara ba shi ƙwayoyin, wata shida zai yi. Jiya ya tsorata da ya ga fitsarinsa ya koma ja, nas ta ce aikin maganin ne. Likitansa ya yi waya da wani likitan tiyatar ƙirji ya tura masa hotunan, suka ce tunda ruwan ba mugunya a gwada jinin tukuna. Shekaranjiya aka yi, na ga an rataya robar a sandar ƙarin ruwa kamar yadda Likita Umar ya faɗa, har na ce wa matarsa ni na san wannan. Yanzu in yana numfashi kwalbar shiru, sai ya yi tari mai ƙarfi ake ganin kumfa biyu ko uku.

Ɗanjuma Mai Faci: Faci ya kama ke nan, saura gehe-gehe.

Likita Umar: Alhamdu lillahi. Kada a yi gaggawar murna dai, yakan dawo, in ya dawo akwai maimaitawa, akwai tiyata, kuma zancen bawul ɗin ciki bai mutu ba in likitocin suka ga shi ya dace. Taba kuwa ta ƙare daga yau, ita ce ke sa huhu ya sake hudewa. Injin niƙa ma haka. Sannan matarsa da yaran da kai kanka Sanusi ku je a duba ku, ƙananan da ba su kai shekara 5 ba akwai maganin kariya da ake ba su.

Kabiru Alƙahira: Yaya Sanusi, Umarar da ya biya ta watan Rajab fa?

Likita Umar: Sai an cire roba, hoto ya nuna huhun ya miƙe gaba ɗaya, a ƙara aƙalla mako ɗaya a kai. Shi kuma ga tibi, sai masu ba shi magani sun tabbatar ba ya yaɗawa. Ku yi magana da ejan ɗin tun yanzu a ɗaga masa.

Sanusi: To Likita. Wata buƙatar kuma jama'a. Sun ce in kumfar tarin ba ta ɗauke ba nan da Litinin za su sa masa wancan na Anti Rabi, na waje, su sallame mu muna zuwa duk bayan kwana biyu. Amma sun ce kada mu koma Anka da shi, in wani abu ya taso da dare hanya ba ta biyuwa. Ko akwai mai ɗaki a Gusau kusa-kusa da zai ba mu aro na mako biyu?

Alhaji Sani: Akwai shagon ƙofar gidana na Tudun Wada, ba kowa a ciki, da taga biyu da banɗakinsa daban. Ka kira yaron gidan ya ba ka makulli, zan ce a sa katifa. Fanka ce dai ta lalace, sai ku zo da taku.